Sun Wuce Rijiya

Ina tsaye a kasuwar Barbès a Paris, ƙarƙashin gadar da jirgin metro ke bi, ina taya kuɓewa, ɗan Yayata ya kira ni daga Lyon. Shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rage mata. A nan Faransa ya ƙarasa karatu, ya sami aiki a wani kamfanin magunguna, bayan rasuwar ubansa ya je gida ya ɗauko ta. Gaisuwarsa ta waya dama gajeriya ce, amma ran nan ko gajiya bai tambaye ni ba.

"Inna, Tsohuwa ta daina cin abinci."

"Ta daina, ko dai abincin Nasara ne ba ta so? Ni ma dankalin nan da suke damawa kamar kunun jarirai ba ya wuce mini maƙogwaro."

"Ba wasa nake ba, Inna. Matata ta yi mata tuwo da miyar kuka, na kai mata da hannuna, ta ture. Ki zo ki gan ta."

Tun farkon sanyi aka kai Yaya gidan kula da tsofaffi. Hankalinta ya fara gushewa, ta bar gas a kunne, ta fita titi ba takalmi har 'yan sanda suka maido ta. Da ɗanta ya nemi shawarata ban hana ba. Ni ina Saint-Denis, a gefen Paris, a ɗaki guda, gwiwoyina sun gaji da aikin kicin na gidajen manya. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ne ya zo da ni Paris tun ina da ƙarfi, ina dafa wa iyalinsa abinci. Su suka koma, ni na zauna. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, Faransancin da nake ji a bakin murhu na tsince shi.

Na hau jirgin ƙasa na tafi. Na tarar da Yaya ta zama ƙashi da fata, zobenta yana yawo a yatsa. Ta gane ni, ta kira ni da sunan da take kirana muna yara, ta ce na yi ƙiba kamar matar mai gari, in yi hankali. Na yi dariya, na ɗauka tsiyarta ce ta kullum.

Likitar gidan yarinya ce, ba ta kai ɗiyata ba. Ta zaunar da mu a ofishinta, ni da ɗan Yaya, ta ce masu gyaran ɗaki suna tsintar burodi a cikin rigar matashin kai, da ƙarƙashin katifa, har da wanda aka ƙulle a bakin zane ya yi funfuna. Ta ce ɓoyewa take yi amma ba ta ci. Sai ta juyo gare ni.

"Ke kika san ƙuruciyarta. Ta taɓa shiga yunwa mai tsanani? Ko yaƙi, ko kurkuku? Muna ganin irin wannan a wajen tsofaffinmu da suka ga zamanin yaƙi."

Ɗan Yaya ya fara fassara mini, na ɗaga masa hannu, na ji ta sarai. Na gyara zama na ce, "A'a. Gidanmu gidan rumbuna ne. Mu muke ba mutane."

Na ga ɗan Yaya ya ɗan ɗaga kai, ya ji daɗi. Likita ta rubuta abin da ta rubuta. Ta ce to za su canza magani su gani, in abin ya ci gaba sai a sa mata tiyon abinci ta hanci, kuma masu irin ciwonta sukan fizge tiyon, don haka wani lokaci sai an ɗaure hannu.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai yi mamakin amsar nan tawa. A garinmu yunwa abin kunya ce, ko da kowa ya sha ta tare. Bayan shekarun nan sun wuce, in faɗa ya haɗa mata biyu, babban zagi shi ne a ce wa mace gidanku ne aka ci dusa. Kowa ya ci, amma ba mai amsawa. Ga shi kuma na yi shekaru a ƙasar nan ina ganin yaranmu a talabijin da ƙuda a ido, uwayen gidan da nake wa aiki suna juyowa suna kallona. Sai ga Baturiya ta tambaye ni gaba da gaba, a gaban ɗan da muka yi rainonsa. Bakina ya riga ni.

Da azahar na bi su ɗakin cin abinci. Babban ɗaki ne mai tagogi ta ko'ina, tsofaffi a jere a tebura, ma'aikata cikin riguna iri ɗaya suna kai da komo. Aka ajiye wa Yaya faranti. Ba ta kalli fuskar wanda ya kawo ba, ƙafarsa ta kalla. Ta ture farantin da bayan hannu, ta buɗe tafukanta biyu ta nuna masa, ta ce da Hausa, da murya mai ladabi, "Ba mu da komai, ranka ya daɗe. Ku shiga ku duba."

Ni kuwa, da wautata, na ɗauki cokali na ɗaga murya yadda ake yi wa kurma. "Yaya, ci mana. Abinci ne, ga shi nan da yawa, naki ne."

Ta damƙe mini hannu, ashe da sauran ƙarfi a jikinta. Ta matso da bakinta kunnena. "Ke, rufa mana asiri. Bakin nan naki shi zai kashe mu." Ta saki hannuna, ta goga yatsa a bango, ta shafa a leɓenta. Ta duba yatsan, ta sake gogawa. Bangon fenti ne mai santsi, ba abin da ke fita.

Na gani, kuma zuciyata ta gane, amma na danne. Na kwana a gidan ɗanta, washegari na ce ina da ganin likitan gwiwa, na gudo Paris. Sai da na zo zubar da tokar kaskon turarena, ta taɓa mini yatsu, na tsaya da kaskon a hannu na kasa motsi.

Can a garinmu, shekaru da yawa da suka wuce, damina biyu ta ƙi a jere. Ni budurwa ce, mahaifiyarmu ta rasu, Baba ya tsufa idonsa ya yi rauni. Mijin Yaya ya tafi kudu neman abin da zai samu, ita ta dawo gida da jariri a baya, wannan ɗan nata na Lyon. Ita ce ta zama uwa da uba. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, kuma rediyo ya ce babu yunwa, ƙarancin ruwa ne kawai. Wanda ya furta kalmar a kasuwa, ana iya kwana ba a gan shi ba. Sai aka ce duk mai ɓoye hatsi maƙiyin ƙasa ne, a fito da shi a tara a rumbun jama'a. Abin da aka tara mun ga babbar mota ta kwashe ta yi birni. Ba mu ga ta dawo ba.

Masu binciken ba baƙi ba ne. 'Ya'yan garin ne, mun san uwayensu, da wasunsu muka yi wasan ƙasa. An ba su rigar kaki da kulki da takalmi sau-ciki. Mu duka garin daga mai tafiya ƙafa ba takalmi sai mai takalmin taya, don haka tun kafin ka ɗaga kai, ƙafa ta gaya maka wanda ya shigo. Da tsakar rana suke zagaye, don sun san lokacin ne ciki ke tona asirin gida. Suna sauraren ƙarar turmi, suna shinshina hayaƙi, suna duba ko da ƙaiƙayi a bakin ƙofa. Maƙwabcinmu, mutum mai shiru, ɗansa ƙarami ya fito da ɗan farin gari a gefen baki. Suka tone gidan har ƙarƙashin gado, suka kwashe har irin shuka, suka ɗaure mutumin a rana a gaban gidan jam'iyya, aka sa mu wuce muna kallo. Bai sake zama mutum ba. Damina ta zo ba shi da abin da zai sa a ƙasa.

Yaya ta binne tulu biyu na gero a gindin turken jaki, ta baza busasshen kashin jaki a kai. Ɗaya na iri ne, ta ce ko za mu mutu ba a taɓa shi. Ɗayan shi ya riƙe mu. Ba daka, ba wuta. Takan jiƙa ɗan abin da hannu zai ɗiba har ya yi laushi, ta niƙa a dutse a ƙuryar ɗaki da bargo a kanta, ta murza shi gumba, tunda gumba ba ta neman murhu. A tsakar gida kuwa tukunyar ganyen tafasa da dilon anza, 'ya'yan itacen daji, ce ke kan wuta, don mai leƙe ya ga abin da muke ci, ya ji ɗacinsa tun daga zaure.

Aikina shi ne in zauna a bakin zaure ina tsefe kai kamar marar aikin yi. In masu takalmi sun zo sun wuce, ba na motsi sai sun gifta rijiyar da ke ƙarshen unguwa, don daga can ba sa juyowa. Sannan in shiga in ce, "Sun wuce rijiya." Sai a ja asabari, kowa ya juya ya fuskanci bango da ɗan dunƙulensa, ba mai kallon wani, ba mai magana. Yaya ce ta ƙarshe, kuma ba ta sa nata a baki sai na sake leƙawa na sake faɗa. In an gama, ta lakato toka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, har Baba, ta shafa mana a leɓe don bakin ya yi fari ya bushe kamar na wanda bai ci ba. Ta hana mu lasa. Ta hana mu fara'a a waje. Ta ce mai dariya ya ci wani abu.

Da haka muka kai damina ta uku, muka shuka, muka rayu. Mulkin ma ya faɗi daga baya. Masu takalmin suka tuɓe kakinsu suka koma cikinmu, wani ya zama ɗan kasuwa, wani har Makka ya je. Muna gaisawa da su a wajen suna da biki. Ni da Yaya ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, ko sau ɗaya.

Na koma Barbès na sayi gero a shagon wani mutumin Mali. Ya ce, "Hajiya, fura za a yi mana?" Na ce masa in ya ga fura ya sha. Na jiƙa shi, na niƙa a injin markaɗe, na murza gumba mai laushi, ba sukari ba yaji, yadda take a wancan lokaci. Na zuba tokar turare a gwangwanin man shafawa da na wanke. Na sake hawa jirgi.

Na roƙi ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin Yaya ta bar mu mu kaɗai da azahar, kada kowa ya shigo. Ta ɗaga kafaɗa ta ce in dai za ta ci. Ɗan Yaya ya ce zai zauna, na ce ya jira a waje.

"Inna, wani magani ne kika karɓo wajen malamai? Ki gaya mini, ni aikina ke nan."

"Ka ji ɗan boko. Gero ne. Ubanka ma shi ya ci ya haife ka. Fita."

Na tuɓe takalmina na tura ƙarƙashin gado. Na ja labule. Na fito da gumbar daga cikin zanena, ba daga jaka ba, na nuna mata a ɓoye. Idonta ya buɗe. Ta dubi ƙofa, ta dube ni.

"A ina kika samo? Ba dai na iri kika taɓa ba?"

"Na iri yana nan, Yaya. Ban taɓa ba."

"To me kike yi a nan? Wa ke bakin zaure?"

Na je na buɗe ƙofa kaɗan, na tsaya ina kallon dogon barandan nan mai ƙamshin sabulu. Ɗanta yana zaune a kujera yana latsa waya. Wata tsohuwar Baturiya tana tura keken tafiyarta. Na daɗe a tsaye, don na san in na yi sauri ba za ta yarda ba. Na rufe, na dawo, na faɗi maganar da rabona da ita tun ina budurwa.

"Sun wuce rijiya."

"Baba ya ci?"

"Ya ci."

"Ke fa?"

"Na ci."

"Sake dubawa."

Na sake dubawa, na sake faɗa. Ta juya a hankali ta fuskanci bango. Ni ma na juya mata baya. Ina jin ƙarar taunarta, 'yar ƙarama, kamar ɓera a rumbu. Da ta gama ta miƙo hannu ta baya ba tare da ta juyo ba, na buɗe gwangwani na sa mata. Ta lakata, ta shafa wa kanta, ta kamo haɓata ta shafa mini. Ta ce, "Kada ki lasa." Ta kwanta ta yi barci.

Na fito da toka a baki. Ɗanta ya miƙe yana kallona. Na ce ya kira likita, akwai maganar da zan gyara. A ofishin nan dai, a kujerar nan dai, na ce mata abin da na faɗa ranar ba haka yake ba, na ba ta labari da guntun Faransancina. Inda ya ƙare mini na ci gaba da Hausa, na ce ɗan Yaya ya fassara. Ya fara, ya kai wajen turken jaki, muryarsa ta tsaya. Likita ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da ta sani tun farko da ba a canza maganin ba, don sabon ya ƙara wa Yaya jiri, ta faɗi a banɗaki ta bugu a ƙugu. Likitar ta faɗe shi a hankali, amma na ji shi. Tun daga faɗuwar nan Yaya ba ta sake takawa da kanta ba.

A mota ɗan Yaya ya ja mu har muka haye kogi. Sannan ya ce, "Ina ina a lokacin?"

"Kana bayanta. Abin da ta ci shi ka sha."

"Kuma ba wanda ya ga ya dace in sani."

"Mun tura ka lakwal ne don kada ka sani."

"To ga shi na sani," in ji shi.

Aka janye maganar tiyo. Likita ta ba ni wani garin ƙarin ƙarfi in riƙa cuɗawa a gumbar, daga baya na fara sa madara, har ayaba nake murzawa a ciki. Yaya ta ɗan ciko. Na yi niyyar in koya wa ɗanta yadda ake yi in koma ɗakina, don ina da rayuwata a can, da ɗiyata da jikokina da maƙwabtan da muke zuwa masallaci tare. Na gaya masa komai, labule, jira a ƙofa, maganar da zai faɗa. Ya shigo daga wajen aiki da kwat da baƙin takalminsa mai ƙyalli. Yaya ta kalli ƙafarsa. Ta tura gumbar ƙarƙashin cinyarta, ta buɗe tafuka.

"Ba mu da komai, ranka ya daɗe. Mata ne kawai da tsoho da jinjiri."

"Tsohuwa, ni ne."

"Na san ka. Na san uwarka ma, mutuniyar kirki ce. Ka ji tsoron Allah."

Washegari ya tuɓe takalmin a waje, ya zo da jallabiya. Ina, ta riga ta ajiye shi a inda ta ajiye shi. In dai lokacin abinci ne, shi ɗan jam'iyya ne. Da yamma kuwa, in ba abinci a tsakani, wani lokaci ta gane shi, ta kawar da kai irin kunyar ɗan fari, ta tambaye ni ko yaron nan yana cin abinci, ta ga ya rame.

Na mayar da makullin ɗakina na Saint-Denis. Yanzu a gidansa nake kwana, a ɗakin ɗiyarsa da ta tafi jami'a, kullum in hau bas da gumba a ƙulle a zane.

Sau ɗaya na gwada gaya mata gaskiya. Ta ci ta ƙoshi, tana cikin natsuwa, ta ce, "Wai yaushe za su daina zuwa?" Zuciyata ta karye. Na ce, "Yaya, sun daina. Mulkin ya faɗi tun tuni, shugabansu ya mutu, yawancinsu sun mutu. Nan wata ƙasa ce, ba mai ƙwace miki abinci." Ta toshe mini baki da tafinta har haƙorina ya fasa mini leɓe. Tana kallon taga, tana raɗa, "Ba ta faɗa ba, yarinya ce, ba ta da hankali." Ran nan da washegarinsa ba ta karɓi komai daga hannuna ba. Ban sake ba.

Don haka ni ce nake tayar da su kullum. Mutanen da ƙasa ta cinye, da kakinsu da kulkinsu, ni nake kawo su barandan gidan tsofaffi a Lyon, in bi su da ido har su gifta rijiyar da na ji an ce ta ƙafe an cike ta. In ba su zo ba, Yayata ba za ta ci ba. A can gida 'ya'yansu suna nan da gidajen bene, wasu suna turo mini gaisuwar Juma'a a waya.

Ran da ba ya aiki, ɗanta yakan zo da azahar. Ba ya shiga. In na buɗe ƙofa don in duba hanya, sai in gan shi a jikin bango, inda ba za ta hango shi ba, mutum mai furfura, da safa a ƙafa da takalmi a hannu. In rufe, in faɗa mata sun wuce, shi kuma ya matso ya kara kunnensa a ƙofa don ya ji uwarsa tana tauna.